Kwakwa Biyu a Kwandon Fuatino

Motar ta riga ta cika tun kafin ta iso ƙauyensu, amma direba ya taka birki, domin a tsibirin Savai'i ba a taɓa jin motar haya ta ce ta ƙoshi ba. Luafata ta hau da jaririnta Peni a kafaɗa, uwar mijinta Fuatino tana biye da ita da kwando a hannu. Wasu 'yan mata biyu suka tashi suka koma baya, suka bar musu bencin katako na uku. Luafata ta zauna a ɗofane, ta haɗe gwiwoyinta gam, ta fara roƙon Allah ya sa yau Tavita direba ya tuna cewa mutane ya ɗauko ba buhunan gwaza ba.

Tun da gari ya waye ba ta sa ko ɗigon ruwa a bakinta ba. Wata huɗu ke nan da haihuwar Peni, yaron da ya kwana biyu yana shawarar fitowa, sannan ya zo da kai kamar kabewa. Tun daga ranar jikinta ya daina jin maganarta. In ta yi tari, fitsari ya kufce mata. In ta yi atishawa, ya kufce. In ta ɗaga bokiti, haka. Dariya kuwa ita ce ta fi komai muni, kuma Luafata ce matar da a da ake jin dariyarta daga bakin teku har harabar coci. Ta bar ƙungiyar mawaƙa ta ce jego ne, ta bar zaman saƙar tabarma da mata ta ce ciwon baya ne. Mijinta Ioelu yana New Zealand wajen tsinkar tuffa, in ya kira waya ya ce ya ji muryarta ta sauya, sai ta ce layin ne ba kyau.

Saura mako uku Lahadin Yara, ranar da kowa ke sa farare tas, iyaye mata su cika bencin gaba a coci. 'Yarta Taimane, mai shekara shida, za ta tsaya gaban jama'a karo na farko ta karanta ayarta. Kullum sai ta tambaya, "A gaba za ki zauna ko? Inda zan gan ki in na manta?" Kullum Luafata sai ta ce eh, sannan ta tuna farar riga da wa'azin awa biyu.

Nas ɗin da ke zuwa awon jarirai ce ta lura da yadda take tashi daga tabarma, ta ja ta gefe, ta damƙa mata wata 'yar takarda. Akwai likitar gashin ƙashi da motsa jiki da ke tsallakowa daga Apia, babban birni, a jirgin ruwa, Alhamis ɗin farko ta kowane wata, tana koya wa masu ciki da masu jego yadda za su maido da jikinsu. Yau ce Alhamis ɗin. Luafata ta ce wa mutanen gida allurar Peni za ta kai shi, kuma gaskiya ne, rabin gaskiya. Tana ɗaura zani sai Fuatino ta ɗauki kwandonta ta ce ita ma maganin hawan jininta ya ƙare. Ran Luafata ya ɓaci, amma matar ɗa da ke zaune a gidan miji ba ta ce wa uwar gida ki zauna.

Ba mugunta Fuatino ke da ita ba. Ita ce ta yi wata guda tana murza wa Luafata ciki da baya da man kwakwa kowace safiya, tana dama mata kunun kwakwa mai zafi, tana tsaye a kanta sai ta shanye. Hannunta ya fi bakinta taushi nesa ba kusa ba. Sai dai matar nan ba ta dariya. Haihuwa tara, jikoki ashirin da wani abu, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta. Marigayi mijinta dattijon coci ne, bencin gaba hakkinta ne, amma a can baya take zama kusa da ƙofa. Ba ta shan shayi a gidan kowa. Duk tafiyar da za ta yi a mota kuwa sai ta sa ɗanyar kwakwa biyu ferarru a kwando, ta je da su, sau da yawa ta dawo da su ba ta sha ba. Mutanen ƙauye sun daɗe da yanke hukunci cewa rowa ce, kada ta sayi lemo a kasuwa.

A ƙauye na gaba wani dattijo mai sarauta ya hau da sandarsa, babu wurin zama ko na tafin hannu. Fuatino ta daki cinyarta sau biyu.

"Taso, yarinya. Ba wa baba wuri."

"Mama, bari in tsaya kawai."

"Ki tsaya a kan dattawa suna zaune? A gidan wa kika ga haka? Miƙa yaron nan ki zo."

Haka ake yi, mota in ta cika sai a hau cinya, kuma ba wanda ke ganin abin magana a ciki. Matalena mai sayar da gwaza a kasuwar Salelologa, wadda ta cinye benci guda ita da buhunanta, ta miƙo hannu ta karɓe Peni tana cewa a ba ta mijinta. Luafata ta zauna a cinyar uwar mijinta, a kan zaninta na fita unguwa, shuɗi mai fararen furanni, wanda Ioelu ya aiko mata da shi. Ta ɗora rabin nauyinta a ƙafafunta, ta riƙe bayan bencin gaba, ta kafa wa ƙeyar direba ido. Ta ƙudura ba za ta saurari kowa ba har a isa.

Sun yi nisa lafiya. Sai wani ƙaton alade ya fito daga cikin ayaba ya tsaya a tsakiyar titi yana nazarin duniya. Tavita ya tsayar da mota a hankali, cikin ladabi, yana jira.

"Lallai Tavita!" in ji Matalena. "Alade ka tsaya wa, ni shekaranjiya ka wuce ni a bakin hanya kamar ba ka taɓa cin gwazata ba!"

"Shi kujera ɗaya zai ci," in ji direba ba tare da ya waiwayo ba. "Ke kuwa uku."

"To ɗauke shi mana. Ga cinyarka nan ba kowa. Wa zai ce ba ƙanenka ba ne?"

Dattijo mai sarauta ya leƙa ta taga, ya gyara murya. "Ku bi shi a hankali," ya ce, "nawa ne. Kuma ya fi direban nan sanin hanya."

Motar ta kwashe da dariya har katakonta na ƙara. Luafata ta cije leɓe, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, amma dariyar wata huɗu ce ta taru, ta ɓalle da ƙarfinta irin na da. Tare da ita ɗayan abin ya ɓalle. Ta ji ɗuminsa ya wuce tsumman da ta ninka, ya wuce zaninta, ya sauka inda take zaune. Dariyar ta mutu a maƙogwaronta. Kunya irin wannan ba ta taɓa jin ta ba, ta so a ce katakon motar ya tsage ta faɗa titi wajen aladen.

Fuatino ba ta motsa ba. Hannunta na hagu ne kawai ya zagayo ƙugun Luafata ya riƙe ta, kada ta miƙe. Da na dama ta laluba kwando ta ciro kwakwa ɗaya, ta huda idonta da wani ƙusa da ke ɗaure a hannun kwandon, ta ɗaga kamar za ta sha. Tavita ya ja mota, tayar gaba ta hau tudun rage gudu, sai tsohuwa ta saki kwakwar ta tuntsure a jikinsu su biyu, ruwa ya wanke musu cinya ya gangara ƙasa.

"Tavita!" ta daka tsawa. "Mota kake tuƙawa ko kwalekwale? Dubi zanina! Dubi yarinyar nan, da jegonta ka jiƙa ta!"

"Yi haƙuri, Mama, gwamnati ce ta sa tudun."

"Gwamnati ce ta sa ka hau shi kamar akuya?"

Aka sake dariya, wannan karon a kan direba. Wata ta miƙo ƙyalle, Matalena ta ce ruwan kwakwa ai gyaran fata ne. Ba wanda ya kalli Luafata sau biyu. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, tana jin numfashin uwar mijinta a bayanta, daidai, kamar ba abin da ya faru.

Da suka sauka a asibitin gunduma, Luafata ta karɓi ɗanta ta nufi layin allura kai tsaye. Ta riga ta yanke shawara a mota. Za a yi wa yaro allura, su koma gida, ta yaga takardar. Ranar Lahadin Yara ta ce zazzaɓi ne, Taimane ta yi kuka ta gaji ta haƙura. Ba za ta iya bi ta gaban tsohuwar nan da jiƙaƙƙen zani ta shiga wani ɗaki ta sake buɗe bakinta a kan abin da ya riga ya zube a cinyarta ba.

Fuatino ta ajiye kwando, ta zare Peni daga hannunta, ta zare katin allurar.

"Allura ba ta bukatar mutum biyu," ta ce. "Ƙofa ta ƙarshe ce, mai koren fenti. Ƙarfe biyu likitar take tashi ta bi jirgi."

Luafata ta tsaya baki buɗe.

"Me kike kallo? Tafi."

Likitar gashin, Leitu, 'yar siririya ce da ba ta kai Luafata shekaru ba. Ta dubi zanin sau ɗaya, ta buɗe kabad ta ciro wani busasshe ta miƙa mata.

"Uku nake zuwa da su kowane wata," ta ce. "Yau ke ce ta biyu, kuma ko ƙarfe sha ɗaya ba ta yi ba."

Wannan maganar ce ta karya Luafata. Ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ba ta samu wurin yi ba a gida irin na tsibirin da ba shi da bango, inda ko juyi ka yi a tabarma an ji. Leitu ta bar ta ta gama, sannan ta fara tambaya. Haihuwa nawa, kwana nawa aka yi ana naƙuda, yaushe yake zubowa, tana jin nauyi a ƙasa ko a'a. Ta nemi izini ta duba ta. Da ta gama ta wanke hannu, ta ɗauko kwandon da take zuba takardu ta juya shi.

"Kin ga gindin kwandon nan? Akwai nama a ƙasan mararki da ke riƙe da mafitsara da mahaifa haka. Wata tara yana ɗauke da kaya, sannan wannan sarkin kai ya bi ta cikinsa. Bai yage ba, ya saki ne. Nama ne kamar na dantse, in an ba shi aiki yana dawowa."

"Wane irin aiki?"

"Kwanta. Yanzu ki ɗauka kina gaban fasto, ana tsakiyar addu'a, iska na neman fita. Me za ki yi?"

Luafata ta kusa yin dariya, ta tsorata, ta kama cikinta.

"Yauwa, wannan ɗin, amma ba ciki ba, ƙasa. Matse, ki ja sama. Kada ki riƙe numfashi, na ga kafaɗarki. Saki. Sake."

Da farko ba ta ji komai ba, kamar tana kiran wanda ya yi tafiya. A karo na shida ta ji wani ɗan motsi can ciki, ƙarami, ya amsa. Leitu ta ce shi ke nan, shi za a yi ta raino har ya yi ƙarfi. Sau goma, sau uku a rana, kuma ta haɗa shi da shayarwa don kada ta manta. Kafin tari, kafin atishawa, kafin ta ɗaga yaro, ta matse tukuna. Bokitin ruwa a ba wa wani. Ruwan sha kuma ta koma sha, domin ƙishin da take yi wa kanta ƙara ɓata mafitsara yake.

"Kafin dariya fa?"

"Musamman kafin dariya. Ban ce ki daina ba, na ce ki matse tukuna."

"Saura mako uku Lahadin Yara," in ji Luafata a hankali. "'Yata za ta yi karatu."

"Ba zan yi miki ƙarya ba, mako uku ba ya warkar da wannan. Ki ba shi wata uku, wata mai zuwa ki dawo mu gani. Amma bencin gaba za ki zauna." Ta ɗauko audugar mata mai kauri ta sa mata a jaka. "Wannan, da baƙin zani a ƙarƙashin farar rigar, ki kuma zaga bayi kafin a buga ƙararrawa. Rabin matan da ke bencin nan haka suke zaune, kowace tana tsammanin ita kaɗai ce."

Luafata ta kai ƙofa sai Leitu ta ce, "Dattijuwar da kuka zo tare, mai kwando, mahaifiyarki ce?"

"Uwar mijina."

"Shekara guda ke nan ina zuwa nan. Kusan duk wata ina ganinta a bencin can, ta karɓi maganinta, ta zauna tana kallon ƙofar nan har in tashi. Na taɓa gaishe ta, ta ce mota take jira."

Mota ba ta tsayawa ta wannan gefen. Luafata ta fito tana tafiya a hankali, abubuwa suna ta haɗuwa a kanta. Bencin baya kusa da ƙofa. Shayin da ba a sha a gidan mutane. Ƙusan da ke ɗaure a hannun kwando, wanda ya yi sumul don daɗewa.

Ta sami Fuatino a bakin titi ƙarƙashin bishiyar mangwaro, Peni ya yi kukan allura ya yi barci a ƙirjinta. Shuɗin zanin ya bushe, ya bar shaci. Luafata ta zauna kusa da ita.

"Mama, zaninki."

"Sabulu ya ƙare a duniya ne?"

"Yaushe kika sani?"

"Ranar da kika daina shan shayi." Fuatino ta gyara wa yaron hula. "Sannan kika daina dariya. Gidan ya yi shiru kamar an yi mutuwa. Na ce a raina, wannan yarinyar ta kama hanyata, kuma na san inda hanyar take zuwa."

"Tun yaushe ne ke?"

"Tun haihuwar mijinki. Shi ne na biyar. A bikin buɗe sabon coci matar fasto ta faɗi wata magana, na yi dariya, ina sanye da farare, a bencin gaba. Shekara talatin da huɗu. Kafin nan ni ce Matalenar ƙauyenmu, ki tambayi tsofaffi. Uban mijinki saboda dariyata ya aure ni, ya mutu yana tsammanin wani laifi ya yi mini."

Luafata ta ji tausayinta ya kama ta. Ta so ta kama hannunta, ba ta san ta inda ake fara kama hannun Fuatino ba, sai ta gyara zaman kwandon da ke tsakaninsu.

"Me ta ce ki yi?" in ji tsohuwa, tana kallon titi.

Luafata ta gaya mata, da gindin kwando, da fasto, da komai. Fuatino ta saurara fuska a ɗaure kamar kullum. Can Luafata ta lura fuskar ta ɗaure fiye da kullum, kuma leɓunanta suna motsi.

"Kada ki riƙe numfashi, Mama. Na ga kafaɗarki."

"Rufe mini baki, ina ƙirga." Ta saki numfashi. "Ba abin da ya amsa."

"Ni ma sai a na shida. Wata mai zuwa ta ce in dawo. Allura ba ta bukatar mutum biyu, amma wancan ɗakin akwai kujera biyu."

Fuatino ta ce, "Ranar Lahadin Yara ki matsa mini wuri. Idona ba ya hango yarinyar daga baya."

Motar Tavita ta ɓullo daga kwana tana kiɗa. Tun kafin ta tsaya Matalena ta zuro kai ta taga.

"Mama Fuatino, hau da sauri! Ƙanen direba ya aiko a gaishe ki, ya ce yana nan inda muka bar shi, in an zo a tsaya zai karɓi tuƙin!"

Luafata ta ga gefen bakin tsohuwa ya yi rawa. Ta matso da sauri ta raɗa mata, "Matse tukuna."

Abin da ya fito gajere ne, mai kaushi, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, amma dariya ce. Matalena ta saki baki, Tavita ya rage kiɗa ya leƙo ya tabbatar. Fuatino ta dakata tana sauraron jikinta, sannan ta dubi kwando.

"Saura kwakwa nawa?"

"Ɗaya, Mama."

"To riƙe ta a kusa," ta ce, ta miƙe. "Matar nan ba ta gama ba."